Zabibin da Na Shanya wa Iya

Kwana goma sha ɗaya muka yi daga Agadas zuwa Sabha, mun sha ƙishirwa har da ta sayarwa, amma abin da na fi tunawa shi ne takalmana da aka sace ina cikin sujada. Na sallame salla na waiga babu su. Da ƙafar da Allah ya ba ni na shiga garin, ƙasa tana gasa ni, ina cewa a raina, to Tanko, ga Turan da ka matsa sai ka zo, tun ba a kai ba an fara rage maka kaya.

Ni ɗan Arikya ne, ta wajen Lafiya. Shekarun da aka mai da Lafiya babban birnin jiha acaba nake yi da babur ɗin wani, ina ta kai ma'aikata ofis ina komawa gida da ciwon baya, har na gaji na ce zan fita waje. Mahaifiyata, Iya, ba ta hana ni ba, ba ta kuma yi kuka a gabana ba. Sharaɗi ɗaya ta kafa mini.

"Kada ka yi aikin da ba za ka iya faɗa mini ba."

Na amsa da sauri, don a lokacin gani nake wannan ai mai sauƙi ne. Da shi na yi yawo shekara biyar, kuma ya fi duk jakar da na taɓa ɗauka nauyi.

Sana'ar Iya shanya ce. Agushi, barkono, rogo, kuɓewa, duk abin da rana za ta iya gyarawa yana kan tabarminta a ƙofar gida. A nan na tashi, ina korar kaji ina juya agushi da hannu. Ita ta koya mini jin ƙanshin ruwa tun hadari bai haɗu ba. Za ka ga sama fes, sai ta ɗaga hanci ta ce a kwashe, maƙwabta suna mata dariya, kafin la'asar kuma su ne ke gudu da jiƙaƙƙun buhuna.

A Tarabulus na yi shekara ina ɗaukar bulo, a nan na tsinci Larabci na cin abinci da na faɗa. Maganar teku ba na son yinta. Mun shiga kwale-kwale da yawa, mun fita ba mu cika ba, wannan ya isa. A Sisili na tsinki tumatir a ƙarƙashin wani ɗan kwangila da yake ƙirga kwando yadda ya ga dama, in ka yi magana ya tambaye ka takardun zama, sai ka haɗiye. A gonar nan na haɗu da Munsif, wani Batunisiye mai furfura wanda ba ya dariya sai an matsa masa. Shi ya ce akwai aikin inabi a wani ƙaramin tsibiri da ake kira Fantaleriya, tsakanin Sisili da ƙasarsu, kuma mai gonar ba ya cuta. Na bi shi.

Ban taɓa ganin ƙasa irin wannan ba. Baƙin dutse ko'ina, iska ba ta hutawa, babu rafi ko ɗaya, ruwan sama suke tarawa daga rufin ɗaki. Saboda iskar, kowace itaciyar inabi a cikin ɗan rami ake shuka ta, ba ta wuce gwiwa, don haka a durƙushe ake girbi daga safe har yamma. Mai gonar tsoho ne, sunansa Turi, gajere, hannuwansa sun fi nawa kanta. Ba ya jin yarena, ba na jin nasa, sai Munsif ya tsaya a tsakani in magana ta zama dole.

Inabin fari ne, mai ɗan ruwan ɗorawa, ƙanshinsa kuwa ko daga nesa za ka ji, kamar furen lemu da aka haɗa da zuma. Ranar farko da na ɗanɗana na tsaya cak, don ya tuna mini da lambunan lemun da ake wucewa a hanyar Obi.

Da muka gama yanka, sai na ga an kai inabin wani fili da aka kewaye da katangar dutse, an shimfiɗa shi a kan tabarmin kara, nono-nono, a rana. Na kalli filin nan, hawaye suka zo mini ban shirya ba. Shanya ce. Na tsallaka hamada da teku, na zo na tarar da sana'ar uwata tana jirana.

Ba wanda ya koya mini komai. Na durƙusa na fara juyawa, ina cire wanda ya fara ruɓa don kada ya shafi ɗan'uwansa, ina matsar da na inuwa zuwa rana. Turi ya tsaya yana kallon hannuna ya daɗe, sannan ya ce wa Munsif wani abu.

"Ya ce wa ya koya maka?"

"Ka ce masa uwata."

Tsohon ya gyaɗa kai, daga ranar ya bar mini filin shanya ni kaɗai. Sati uku ina juyawa, inabin yana yamushewa, yana komawa launin zuma, zaƙinsa yana taruwa. Da ya yi, aka loda shi a wata 'yar mota mai ƙafa uku aka tafi da shi, aka sallame mu 'yan ƙwadago. Ban tambayi inda za a kai shi ba. Me zan tambaya? A garinmu abin da aka shanya abinci ne. Giya kuwa na san ta, burkutu ce da ake dafawa a manyan tukwane a bayan gari, warinta yana korar mutum, ko ta kwalba da ake sha a mashaya. Ko a mafarki ban haɗa tabarmar shanya da giya ba. Zabibi nake gani, irin wanda alhazai ke kawowa tsaraba.

Da sanyi ya shigo na haura Napoli, inda mutanenmu ke taruwa. A can akwai wani Sabo mai sayen takalman gwanjo yana kai Kano, shi ne gidan wayarmu. Iya ba ta karatu, Arikya kuma babu tarho, don haka kaset ake yi. Na ari rikoda na zauna na cika fuska biyu. Ban faɗi teku ba, ban faɗi tumatir ba, amma maganar shanya na baje ta har da ƙari. Na ce, Iya, ɗanki zabibi yake shanyawa a Turai, Bature ma ya sara wa hannuna. Na haɗa da atamfa turmi ɗaya na ba Sabo.

Bayan wata biyar amsa ta zo. Atamfar ba ta isa ba, Sabo ya rantse mini kwastan ne suka riƙe, ni dai na kalli sabon agogon hannunsa. Kaset ɗin dai ya kai, kuma ga nata. Na shiga banɗakin gidan da muke kwana mu tara, don nan ne kawai mutum zai kaɗaita, na kunna. Da zakaran gidanmu na fara jin murya, sannan tari, sannan ita. Ta gaishe ni, ta lissafa waɗanda suka haihu da waɗanda suka rasu. Ta ce duk unguwa ta ji labari, har liman ya sa albarka, ya ce zabibi abincin kirki ne. A ƙarshe ta ce:

"Ba na son zani, ina da zani. Ka aiko mini da zabibin nan, ko cikin tafin hannu ne, wanda hannunka ya juya. In ga ko ka iya da gaske, ko baki ne."

Na saurari kaset ɗin nan har zaren ya fara ja. Kewar gida ciwo ce ta gaske, a ƙirji take zama, kuma muryar da kake nema ita ce ke ƙara ta.

Damina ta biyu, wato lokacin girbinsu, na koma wurin Turi da ƙarfina. Shanya ta kai kwana goma sha biyu, ta fara kyau, sai wata rana da hantsi ina durƙushe iska ta juyo daga teku na ji shi. Ƙanshin ruwa ne, babu shakka. Sama kuwa fes, ko gajimare ɗaya babu. Na ruga na sami Munsif na ce ya gaya wa tsoho a kwashe. Turi ya ɗaga kai ya dubi sama, ya ce rediyo ta ce babu ruwa sai wani sati. Munsif ya ce in koma aiki kada in jawo mana kora.

Ban koma ba. Na fara ɗaukar tabarmi ina kaiwa rumfar dutse ni kaɗai, ina gudu, ina jin muryar Iya tana cewa a kwashe. Tsohon ya yi ta faɗa da yarensa yana ɗaga hannu, da ya ga ba zan tsaya ba sai ya tofar da yawu ya kama ɗaya gefen tabarmar. Munsif ma ya shigo yana zagina da Larabci. Muna shigar da ta ƙarshe aka fara yayyafi, kafin azahar ruwa ya sauko kamar na watan Agusta a gida. Maƙwabtan Turi da yawa sun yi asarar shanyarsu a ranar, tamu ko ɗigo bai taɓa ba.

Washegari Turi ya kira ni cikin gidansa, abin da bai taɓa yi wa ɗan ƙwadago ba. Ya zaunar da ni a kujera, ya yanka burodi da cuku. Sannan ya shiga ciki ya fito da wata siririyar kwalba, yana riƙe da ita da hannu biyu, ya zuba a ɗan ƙaramin kofin gilashi ya tura gabana. Abin yana da kauri, launin zuma, rana tana ratsa shi. Kafin in taɓa, ƙanshin ya iso ni: furen lemu, zuma, tabarmar kara da rana ta gasa. Shanyata ce. A ƙarƙashin ƙanshin kuma akwai wani abu mai yaji da na sani daga bakin fasinjojin da nake ɗauka a Lafiya ranar albashi.

Na tambayi Munsif mene ne wannan.

"Na bara ne, wanda ka juya. Ya ce bai taɓa samun mai kyau irinsa ba, shi ya sa yake so ka fara ɗanɗanawa." Ya dube ni, sai fuskarsa ta canja. "Kai, da me kake zaton ake yi da shi?"

"Zabibi."

"Ana zuba shi a ganga ne, a cikin ruwan inabi, ya jiƙa ya ba da zaƙi. Giya ce mai tsada, bayan cin abinci suke shan ta kaɗan-kaɗan. Wallahi na ɗauka ka sani."

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na fita na bi katangar dutse har bakin teku na zauna. Abin da ya fara zuwa mini ko zunubi ba ne, Allah ya yafe mini, liman ne yana sa albarka, da Iya tana yawo gida-gida da labarin ɗanta. Na sa tsohuwa ta yi ƙarya ba ta sani ba. Yanzu kuma na sani, ga aikin da ba zan iya faɗa mata ba a hannuna, kuma shi ne kaɗai aikin da na yi a ƙasar nan da ya sa wani ya dube ni a matsayin mutum.

Da na dawo na tarar Turi ya ji haushi, yana ganin na raina abin da ya fi daraja a gidansa. Na roƙi Munsif ya fassara, kada ya rage komai. Na faɗi maganar Iya, da sharaɗinta, da kaset, da abin da ta roƙa. Tsohon ya saurara yana murza hularsa, ya shige ciki.

Da safe na zo ɗaukar jakata sai na gan shi a bakin gona da wuƙar girbi. Ya kai ni can ƙarshe, wurin wasu tsofaffin itatuwa da ba a riga an yanka ba, ya miƙo mini wuƙar. Munsif ya ce:

"Ya ce uwarsa ce ta shuka waɗannan, kuma ita zabibi take yi da su, tun kafin giyar ta yi kuɗi. Ka yanka da hannunka, ka shanya daban. Ya ce ko ƙwaya ɗaya ba za ta ga ganga ba."

Na tsaya na gama masa shanyar da na fara, don ban iya barin abu a rana in tafi ba, ko wannan daidai ne ko kuskure, Allah ya sani. Tawa tabarmar kuwa a gefe take, kullum da ita nake farawa da ita nake gamawa. Da ta yi na cika gwangwanin madara babba, na liƙe bakinsa. Ranar tafiya Turi ya raka ni har tashar jirgin ruwa, ya kama kafaɗata ya faɗi wata doguwar magana, Munsif ba ya nan, har yau ban san me ya ce ba.

Da na koma Napoli, kaset na biyu kwana huɗu na yi ina ɗauka ina gogewa. Shaiɗan ya ba ni shawara mai kyau: ga zabibi na gaske a gwangwani, ka aika ka yi shiru, wa zai sani? Na kusa bi. Amma sharaɗin bai ce in aika abu mai tsarki ba, cewa ya yi in faɗa. A ƙarshe na danna na ce, Iya, abin da na gaya miki bara ba haka yake ba. Na faɗi komai, har ranar ruwa, har kofin da aka tura gabana, har cewa na ƙarasa aikin bayan na sani. Na ce na bar shi, ba zan koma ba, in kin yafe ki aiko mini ko da kalma ɗaya ce. Na ba Sabo gwangwani da kaset, na roƙe shi da girman iyayensa.

Sabo bai sake dawowa Napoli ba. Wasu suka ce an hana shi biza, wasu suka ce ya koma harkar Dubai.

Shekara biyu na yi a cikin wannan shirun. Na wanke motoci, na tsinki lemu, na sayar da laima a bakin tashar jirgin ƙasa. Kullum tambaya ɗaya ce: saƙon ne bai kai ba, ko ya kai ne ta yi fushi? In na tuna atamfa sai in ce Sabo ya cinye zabibin a jirgi, in ji sanyi. In na tuna halin Iya, wadda in ranta ya ɓaci ba ta faɗa sai dai ta daina magana, sai abinci ya ƙi shiga. Akwai tarho a wani shago kusa da na Kawu Bala a kasuwar Lafiya, nakan kira a nemo shi. Kullum amsarsa ɗaya: "Kowa lafiya, Iya lafiya, yana gaishe ka." Hausar gidanmu ba ta damu da mace ko namiji ba. Ban iya tambayarsa ko ta ji kaset ba, don in bai san maganar ba, ni ne zan tona kaina.

Rannan na kira, sai ya ce, "Tanko, ka zo gida haka nan." Ban tambayi dalili ba. Na kai kaina wurin 'yan sanda na ce ba ni da takarda, bayan 'yan makonni a tsare suka sa ni a jirgi zuwa Legas.

Na sauka Lafiya na ga kowa da waya a kunne, garin ya cika da ababen hawa, ban tsaya ba na hau acaba zuwa Arikya. Tun daga nesa na ga ƙofar gidanmu babu tabarma ko ɗaya, ga rana tana ƙwallewa. A nan na sani. Yayata Hajara ta fito, ta ce wata uku ke nan da rasuwar Iya, Kawu ne ya ce kada a gaya mini a waya.

Sai bayan kwana biyu, da masu gaisuwa suka ragu, na iya tambayarta ko wani Sabo ya taɓa kawo saƙo.

"Ya kawo mana. Da kansa ya zo har nan."

Na nemi gafarar Sabo a zuciyata, ban da maganar atamfa.

"Ta ji kaset ɗin?"

"Sau biyu ya ji. Ya kashe rikoda, ya fita ya juya agushi, bai yi magana da kowa ba sai yamma. Washegari ya je gidan liman da kansa ya gyara maganar. Ya yi maka amsa ma, mun jira mutumin nan ya dawo ya karɓa, shiru."

Ta shiga ɗakin Iya ta fito da kaset a ɗaure cikin ƙyalle, da gwangwanina. Muka nemo batir.

Ba dogo ba ne. Ta fara da faɗa, ta ce babba da ni in yi shekara ina aiki ban tambayi inda kaya ke zuwa ba, wannan sakarci ne, ba a gidanta na koya ba. Ta ce in yi istigfari, kada in koma. Ana jin kaji a bayanta.

"Amma ka faɗa. Abin da na ce ka yi ke nan, ka yi. Babu komai tsakanina da kai, Tanko, Allah ya yi maka albarka." Ta yi tari. "Ranar ruwan nan, ka ce kun kwashe. Duka kuka kwashe, ko akwai wanda ya jiƙe? Ba ka faɗa da kyau ba. Zabibin na gani. Ka iya. Na ci uku, sauran sai ka zo."

Na buɗe gwangwanin. Yana nan kusan cike, ƙwayoyin sun yi baƙi sun taurare, amma babu fumfuna ko kaɗan, ƙanshin ma bai gama fita ba. Na ce wa Hajara ya aka yi bai lalace ba, damina biyu a ɗakin nan mai laima.

"Ai duk ranar da rana ya fito da kyau sai ya juye a faifai ya kai waje. Ya zauna a gefe da sanda, wai kada kaji su ci maka. Har ya kwanta ciwo yana tambaya ko an fitar."

Tun da ta rasu ba wanda ya fitar. Na duba sama, na shaƙi iska, babu ruwa. Na ɗauko faifanta a bayan ƙofa na juye zabibin, na baza da hannu yadda ta koya mini, na kai inda take shimfiɗa tabarma. Sandar tana jingine a bango. Na ɗauka na zauna.